Fizar Tsirrai Zalla: Tambayoyi da Amsoshi kan Yinta da Cinta

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin masu son yin fiza a gida ba tare da nama, cuku, madara ko ƙwai ba. An faro da asalin abincin, sannan aka gangaro zuwa kwaɓi, miya, kayan sama, gashi da ajiya.

Mece ce fizar tsirrai zalla, kuma me ya bambanta ta da fizar kayan lambu da ake sayarwa a shaguna?

Fizar tsirrai zalla ita ce wadda babu wani abin da aka samo daga dabba a cikinta, tun daga kwaɓinta har zuwa man da aka yaryaɗa mata a ƙarshe. Ba a sa mata nama ko kifi, haka kuma ba a sa cuku, madara, man shanu, ƙwai ko zuma. Fizar kayan lambu da ake gani a jerin abincin shaguna kuwa nama kawai aka cire mata, amma tana lulluɓe da cukun madarar shanu, saboda haka ba ta shiga wannan rukuni ba.

Wannan tsarin cin abinci ya samu ƙungiya ta kansa a Ingila a shekarar 1944, lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa Vegan Society. Dalilan masu bin sa sun bambanta. Wasu tausayin dabbobi ne ya kai su, wasu batun muhalli, wasu kuma madara ce ke ɓata musu ciki, sannan akwai Kiristocin Habasha waɗanda ke kaurace wa nama, madara da ƙwai a ranakun azuminsu. Akwai ma wanda tsadar cuku ce kawai ta sa ya nemi wata hanya.

Ashe ba cuku ne ginshiƙin fiza ba? Idan an cire shi, me ya rage?

Wannan fahimta ta samo asali ne daga irin fizar da manyan shaguna suka yaɗa a duniya, wadda ake tula wa cuku har ya rufe komai. A birnin Napoli na ƙasar Italiya, inda fiza ta samu siffar da aka san ta da ita, akwai nau'i biyu da ake ɗauka a matsayin na gargajiya. Ɗaya ita ce margarita, mai tumatir da cukun mozarela da ɗoɗɗoya, wadda ake danganta sunanta da ziyarar Sarauniya Margherita a shekarar 1889. Ɗayar kuma ita ce marinara, wadda tumatir, tafarnuwa, ganyen origano da man zaitun ne kaɗai a kanta. Ƙungiyar da aka kafa a Napoli a 1984 domin kare fizar gargajiya ta amince da su biyun, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa fiza na birnin cikin jerin al'adun gado na duniya. A birnin Rum ma ana sayar da fiza ja mai miyar tumatir kaɗai, da fara mai man zaitun da gishiri.

Saboda haka wanda ya bar cuku bai fita daga al'adar fiza ba. Shawarar da ta fi amfani ga sabon mai koyo ita ce ya fara da marinara, ya yi ta maimaita ta har sai kwaɓinsa da gashinsa sun daidaita, domin babu abin da zai ɓoye masa kuskure a cikinta. Wasu daga cikin waɗanda suka ce fizar tsirrai ba ta da daɗi sun faro ne da neman abin da zai kwaikwayi cuku, alhali ƙasan fizar bai gasu ba.

Waɗanne abubuwa ake sawa a kwaɓin, kuma shi yis ba daga dabba yake ba?

Kwaɓin gargajiya abu huɗu ne: fulawa, ruwa, gishiri da yis. Yis ƙananan halittu ne daga dangin naman gwari, ba dabba ba ne, kuma masu cin tsirrai zalla suna amfani da shi. Madara, ƙwai, bota da zuma da ake gani a wasu girke-girke ƙari ne da aka aro daga kwaɓin burodi, ana iya barinsu ba tare da an rasa komai ba.

Wane ma'auni ne ya dace, kuma yaya ake kwaɓawa?

Domin fiza uku masu faɗin kusan santimita 30, a auna fulawa giram 500, ruwa mililita 320, gishiri giram 10, da busasshen yis giram 3, wato kimanin cokalin shayi ɗaya. Mai gasawa a obin ɗin gida zai iya ƙara babban cokali ɗaya na man zaitun, domin gashin gida yana ɗaukar lokaci kuma man yana hana kwaɓin bushewa. Sikeli ya fi gwangwani ko kofi aminci a nan, saboda fulawar da aka danna da wadda aka tankaɗe ba nauyinsu ɗaya ba ko da sun cika mazubi iri ɗaya.

A narkar da yis a cikin ruwan, a zuba fulawa da gishiri, a gauraya har garin ya jiƙe duka, sannan a rufe a bar shi minti 20 kafin a fara murzawa. Wannan ɗan hutu yana ba fulawa damar shan ruwa, kuma yana rage wahalar hannu ƙwarai. Daga nan a murza na kusan minti 10, har kwaɓin ya yi santsi, ya riƙa dawowa idan an danna shi da yatsa. Ya kamata ya fi kwaɓin cincin laushi nesa ba kusa ba, amma kada ya kai ruwan kwaɓin fanke. Idan yana manne wa hannu kaɗan, a shafa mai a tafin hannu maimakon a yi ta barbaɗa gari, domin yawan gari shi ne babban dalilin taurin da aka yi bayaninsa a tambayar matsalolin gashi. A kula kuma da zafin ruwa: wanda hannu ba zai jure ba yana kashe yis.

Tsawon wane lokaci ake barin kwaɓin ya tashi?

A cikin ɗaki mai matsakaicin ɗumi, kwaɓin yana ninka girmansa cikin awa biyu zuwa uku. Sai a raba shi gida uku, a mulmula kowane kaso, a rufe, a sake barinsa kamar awa ɗaya kafin a shimfiɗa. Amma ɗanɗano mai kyau yana zuwa ne daga tashi a hankali, shi ya sa masu sana'ar ke rage yis su tsawaita lokaci. Wanda yake da firij mai tsayayyar wuta zai iya rage yis zuwa rabi, ya ajiye kwaɓin a rufe na awa 24 zuwa 72, ya fito da shi awa biyu kafin gashi. Ga fizar da ba ta da cuku wannan mataki yana da muhimmanci na musamman, domin kwaɓin ne ke ɗauke da rabin daɗin.

Yanayi yana canza lissafin. A zafin bazara kwaɓi kan tashi ya wuce misali cikin ɗan lokaci, ya yi tsami, ya saki jiki har ya riƙa yagewa, don haka a yi amfani da ruwan sanyi a kuma rage yis. A lokacin hunturu kuwa tashin yana jinkiri, iska kuma tana busar da saman kwaɓin ya yi ɓawo, don haka a shafe shi da mai a rufe da leda ko murfi mai kamawa. Ido ya fi agogo: idan ya ninka, ya cika da ƙananan kumfa, to ya isa.

Wace fulawa ta fi dacewa? Ana iya amfani da garin dawa, gero ko shinkafa?

Italiyawa suna amfani da fulawa mai laushi sosai da ake yi wa lamba 00, amma fulawar burodi ta kasuwa, mai furotin kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari, tana yin aiki yadda ya kamata. Abin da ke sa kwaɓi ya yi danƙo ya riƙe iska shi ne sinadarin gulutin da ke cikin alkama, kuma dawa, gero, masara da shinkafa ba su da shi. Ana iya maye kashi ɗaya cikin biyar na fulawar da garin dawa ko na alkama marar tacewa domin ƙamshi, amma idan aka wuce haka sosai kwaɓin zai riƙa karyewa. Wanda likita ya hana shi gulutin zai fi samun biyan buƙata daga farinata, wata waina mai faɗi ta yankin Liguriya a Italiya, wadda ake yi da garin waken cikfi (wanda ake kira chickpea da Turanci), ruwa, gishiri da man zaitun, a gasa a faranti mai faɗi, sannan a ɗora kayan lambu a kai.

Yaya ake haɗa miyar tumatir?

A Napoli ba a dafa miyar. Ana murƙushe ɓararren tumatir na gwangwani da hannu, a sa gishiri, a shimfiɗa a kan kwaɓi, wutar gashi ta ƙarasa sauran aikin. Tumatirin da suka fi yabo shi ne na San Marzano, dogo mai kauri da ƙarancin ruwa. Mai amfani da ɗanyen tumatir sai ya zaɓi dogo wanda ya nuna sosai, ya tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ya ɓare fatar, ya cire 'ya'yan, ya daddatsa, sannan ya dafa shi da ɗan man zaitun da tafarnuwa har ruwan ya tsotse. Alamar ta yi ita ce idan aka ja cokali a ƙasan tukunya, hanyar da ya bari ba ta rufewa nan take.

Wannan ba miyar shinkafa ba ce, don haka ba ta buƙatar yawan mai, kori ko tarin kayan ƙamshi. Babban cokali uku zuwa huɗu sun isa fiza ɗaya, a bar kamar yatsa biyu a gefe ba miya. Kauɗar tumatir, idan aka wanke ta sosai aka jiƙa aka markaɗa kaɗan a cikin miyar, tana ƙara mata kauri da zurfin ɗanɗano. Mutanen kudancin Italiya ma suna shanya tumatir a rana domin wannan amfani. Game da dunƙulen miya, a duba tambayar kayan dabba da ke ɓuya.

Me ake sawa a madadin cuku, kuma yana narkewa ya yi zare kamar na madara?

Cukun madara yana narkewa ya miƙe ne saboda wani furotin da ke cikin madara mai suna kasin, wanda tsirrai ba su da irinsa. Cukun tsirrai na kanti yawanci man kwakwa ne da sitaci da kayan ɗanɗano, yana laushi a wuta amma ba ya miƙewa sosai, wani kuma yana manne wa haƙora. Wanda ya saye shi ya yi amfani da kaɗan, ya goga shi siriri.

Na gida ya fi daɗi a ganin masu yawa. A jiƙa ƙwallon kashu giram 100 na awa huɗu, ko a tafasa shi minti 15, a markaɗa shi da ruwa mililita 250, sitacin rogo babban cokali uku, ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya, tafarnuwa ƙwaya ɗaya da gishiri rabin cokalin shayi. A zuba a tukunya bisa matsakaiciyar wuta ana juyawa ba tsayawa. Da farko zai yi gudaji kamar ya lalace, amma cikin minti biyar zai haɗe ya yi sheƙi, ya riƙa bin cokali idan an ɗaga. Sitacin rogon ne ke kawo wannan danƙo, garin masara ba ya yin haka. Ana ɗiba da jiƙaƙƙen cokali a ɗiɗɗiga a kan miya, ba a shimfiɗe ko'ina ba. Idan an samu yis ɗin ɗanɗano, wato busasshen yis mai launin rawaya da aka kashe da zafi, babban cokali biyu suna kawo ƙamshi mai kama da na cuku. Ba shi ne yis ɗin kwaɓi ba, kuma ba a musanya su.

A yi amfani da kashu da aka riga aka sarrafa, domin man da ke cikin ɓawon ɗanyensa yana ƙona fata. A kuma tambayi waɗanda za su ci, saboda wasu jikinsu ba ya karɓar kashu ko gyaɗa, kuma abin yana iya yin tsanani.

Ana iya sa awara?

Ana iya sawa, kuma ita ce mafi sauƙin samu a cikin duk abin da aka ambata. Awara ba ta narkewa, saboda haka ana amfani da ita ta hanya biyu. Ana iya marmasa ɗanyarta da gishiri, lemon tsami, tafarnuwa da man zaitun, ta zama farin haɗi mai laushi da ake ɗiɗɗigawa a kai, ko kuma a matse ruwanta, a yanka ƙanana, a soya sama-sama da yaji, ta tsaya a gurbin nama. Mai sayen soyayyiya ya tabbatar ba a tsoma ta a ƙwai ba. Kada kuma a rikita ta da wara ko cuku na madarar shanu, waɗanda suke kama da ita a ido.

Waɗanne kayan lambu ne suka fi dacewa, kuma ta yaya ake samun ɗanɗano mai zurfi ba tare da nama ba?

Albasa, tattasai, yalo, zaitun, masara, alayyafo da lemar kwaɗi da ake nomawa don ci duk suna dacewa, sai dai kusan dukkansu suna ɗauke da ruwa mai yawa, kuma ɗan lokacin gashi bai isa ya ƙafar da shi ba. A barbaɗa wa yalo gishiri ya tsatso ruwa, sannan a gasa shi ko a soya. A turara alayyafo ko zogale a matse. A soya lemar kwaɗi a busasshen kasko har ta yi ja. Kada a tsinko ta daji, domin akwai masu guba da ke kama da na ci. Abu uku ko huɗu sun isa fiza ɗaya.

Cuku da nama suna kawo maiƙo, gishiri da wani ɗanɗano mai cika baki, kuma kowannensu yana da madadi. Albasar da aka soya a ƙaramar wuta na rabin awa har ta yi ruwan ƙasa tana kawo zaƙi da nauyi. Daddawar kalwa, rubu'in cokalin shayi a daka a sa cikin miya, tana yin aikin da ƙananan kifayen gishiri ke yi a fizar Italiya, amma da zarar ta yi yawa za ta danne tumatir. Bayan an sauke, a yaryaɗa man zaitun mai kyau, a sa ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya, ko a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli mai yaji. Waɗannan ba a sa su kafin gashi, domin ganyen yana baƙi, ƙuli-ƙulin kuma yana ƙonewa ya yi ɗaci.

Wane zafi ake buƙata, kuma yaya wanda ba shi da obin zai yi?

Murhun itace na Napoli yana wuce digiri 430 a ma'aunin Salsiyas, fiza kuma tana gasuwa a cikinsa cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Obin ɗin gida yawanci yana tsayawa ne a wajen digiri 250, don haka a kai shi ƙarshen zafinsa, a sa dutsen gashi ko kifaffen tire mai kauri a ciki ya yi zafi na minti 30 zuwa 45, sannan a zura fizar a kansa. Tana ɗaukar minti 7 zuwa 10. Wajen shimfiɗa kwaɓi a yi amfani da yatsu daga tsakiya zuwa gefe, domin muciyar murji tana fitar da iskar da aka sha wahalar tarawa.

Wanda ba shi da obin ya nemi kasko mai kauri da murfi. A shafa mai kaɗan, a gasa gefe ɗaya na minti biyu zuwa uku, a juya, a shafa miya da kayan sama a gefen da ya gasu, a rufe, a rage wuta na minti biyar zuwa bakwai. Mai amfani da gawayi zai iya ɗora garwashi kaɗan a kan murfin ƙarfe domin saman ya samu wuta. Gurasa ma tana zama ƙasan fiza ta gaggawa, in dai an tabbatar ba a sa mata madara ko ƙwai ba.

Me ya sa tsakiyar fizata take jiƙewa, ko gefenta yake tauri?

Jiƙewa tana zuwa ne daga miya mai ruwa, ɗanyun kayan lambu, tire mai sanyi, ko barin kwaɓi ya daɗe da miya a kansa kafin ya shiga wuta; an yi bayanin maganin ukun farko a tambayoyin miya, kayan lambu da zafi. Tauri kuwa alama ce ta yawan gari ko gashi mai tsawo a ƙaramar wuta. Idan kwaɓi yana komawa baya duk lokacin da aka ja shi, ba lalacewa ya yi ba. A rufe shi minti 15 a sake gwadawa.

Waɗanne kayan dabba ne ke ɓuya, kuma duk fizar tsirrai halal ce?

Wasu dunƙulen miya suna ɗauke da kitsen kaza, na shanu ko garin kifi. Koren haɗin ɗoɗɗoya na birnin Genoa a Italiya da ake kira pesto yana da cuku a ciki, wasu nau'o'in bota na kanti suna da madara, kuma akwai cukun waken soya da ake ƙara wa furotin madara domin ya narke. A jikin kwali a nemi kalmomin casein, whey da lactose, waɗanda duk daga madara suke. A shago kuma a tambaya ko an sa madara ko zuma a kwaɓi, ko an shafa man shanu a gefe.

Fizar tsirrai ta kuɓuta daga naman alade da naman da ba a yanka ba, amma wannan bai rufe batun ba, domin barasa daga tsirrai take, kuma wasu gidajen abinci suna sa giya a miyar tumatir. Akwai kuma batun wuƙa da tire da ake amfani da su ga kowace fiza. Musulmin da ke ci a waje ya tambayi waɗannan biyun.

Ta fi fiza mai cuku lafiya?

Ya danganta da abin da aka ɗora mata. Marinara ko fiza mai kayan lambu tana da ƙarancin daskararren kitse, kuma ba ta da kolastarol, amma wadda aka tula wa cukun man kwakwa tana iya kai ta madara maiƙo da gishiri, ga ƙarancin furotin. Farar fulawa tana nan a matsayinta, don haka mai ciwon suga ya kula da yawan abin da yake ci. Awara, wake da kashu suna ƙara furotin. Wanda ya bar kayan dabba gaba ɗaya yana buƙatar bitamin B12 daga ƙwaya ko abincin da aka ƙara wa shi, domin tsirrai ba su samar da shi yadda za a dogara da su, kuma mai ciki, mai shayarwa da yara su nemi shawarar likita.

Yaya ake ajiye saura da ɗumama ta?

Gasasshiyar fiza tana kwana uku zuwa huɗu a firij idan an rufe ta kuma wuta ba ta yankewa, amma mai awara ko haɗin kashu kada ta wuce awa biyu a waje, musamman a lokacin zafi. Wajen ɗumamawa a ɗora yanka a busasshen kasko bisa matsakaiciyar wuta na minti biyu har ƙasan ya yi ƙaras-ƙaras, sannan a ɗiga ruwa kaɗan a gefen kaskon, a rufe minti ɗaya domin tururi ya ɗumama saman. Mulmulallen kwaɓi kuwa ana shafa masa mai, a ɗaure kowanne a ledarsa, a sa a firiza har wata biyu zuwa uku. A mayar da shi firij ya kwana ya saki, sannan a fito da shi awa biyu kafin a shimfiɗa.